A Kai Musu Fuskokin Kakanninsu Kafin Gwangwanin Ya Yi Tsami

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama a bencin silimar Plaza ko Eldorado a Kano, ko ya taso yana leƙen fim ɗin kaboyi a talabijin ɗin maƙwabta, ya san hoton da aka dasa mana a ka game da mutanen da Turawa suka tarar a Amurka. Gashin tsuntsu a ka, ihu a baki, doki ba sirdi. A harbe su su faɗi, mu kuwa mu tafa. Jajayen Indiyawa muke ce musu. Ba a taɓa nuna mana ɗayansu yana dafa abinci ba, balle tsohuwa tana bakacen hatsi jikanta na riƙe da gefen zanenta. Da ni aka yi wannan tafin, kuma yau ina jin nauyinsa a zuciyata.

To, akwai wasu fina-finan da ba Hollywood ta yi su ba, ba a kuma taɓa kawo su silima ba. Gajeru ne, yawancinsu ba sauti, wani ma minti huɗu ne kacal. Waɗanda suka ɗauke su ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce ta kai su: ma'aikacin kanti, malamin makaranta, ɗan mishan, mai zuwa hutu bakin tafki. A cikinsu ne ake ganin al'ummar Anishinaabe tana cikin harkokinta na yau da kullum. Wasu suna adane a gidajen tarihi. Wasu suna kwance cikin gwangwanaye a ɗakunan shirgi, suna ruɓewa a hankali ba wanda ya sani. A kansu nake wannan kira.

Anishinaabe suna ne da ya haɗa Ojibwe da Odawa da Potawatomi, masu tsohon ƙawancen nan da ake kira Wuta Uku, da wasu danginsu. Ƙasarsu ita ce kewayen manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada: Minesota, Wiskonsin, Mishigan, Ontariyo, har zuwa Manitoba. Suna nan da ransu, da shugabanninsu, da makarantunsu, da harshensu da suke kira Anishinaabemowin. Aiki ne ke raɗa wa watanninsu suna. Akwai watan dafa sukari, lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa. Akwai watan shinkafa, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba.

Ku tsaya ku kalli wannan aikin shinkafar da kyau, domin shi ne abin da kyamarorin nan suka fi ɗauka. Manoomin suke ce mata. Ba shuka ta ake yi ba, da kanta take fitowa a tafkuna marasa zurfi, ta yi tsawo har ta ɓoye mutum. Mutum biyu ke shiga kwalekwale. Ɗaya na tsaye da doguwar sanda mai gwafa a ƙarshe yana tura jirgin, an yi mata gwafa ne don kada ta nutse cikin laka ko ta tumɓuke saiwa. Ɗayan na zaune da gajerun sanduna biyu na wani itace marar nauyi da suke kira giizhik. Da ɗaya za ta tanƙwaro karan zuwa bakin jirgin, da ɗayan ta ɗan shafe kan, ƙwayar da ta nuna ta zubo ciki, wadda ba ta nuna ba ta tsaya sai an dawo bayan 'yan kwanaki. Wadda ta faɗa ruwa kuwa ita ce irin baɗi. In an fito gaɓa sai a shanya, a soya ta a babbar tukunyar ƙarfe ana juyawa don kada ta ƙone. Daga nan a zuba a rami da aka yi wa shimfiɗa, wani mai sauƙin jiki ya sa sabon takalmin fata ya shiga, ya dafa sanduna biyu yana murza ta da ƙafa kamar mai rawa har ɓuntun ya saki. Ƙarshe mata su ɗauki faifan ɓawon bishiya su bakace, iska ta kwashe ƙaiƙayin. Duk macen da ta taɓa riƙe faifai za ta gane wannan karkatar wuyan hannun da zarar ta gan shi a allo. Littafi yana iya ce maka ana bakacewa. Yadda ake karkata hannun kuwa sai fim.

Yadda kyamara ta kai ga bakin waɗannan tafkuna labari ne na kasuwa. A 1923 kamfanin Kodak ya fito da fim mai faɗin milimita 16, wanda mai ɗan hali zai iya saya. A 1932 ya fito da mai milimita 8 da ya fi araha, a 1935 kuma mai launi ya shigo. Naɗi ɗaya na milimita 16 mai tsawon ƙafa 100 kimanin minti huɗu ne kacal, kyamarar kuma wani ake yi mata kamar agogo, kafin minti ɗaya ya cika ta tsaya sai an sake wanawa. Kowace daƙiƙa kuɗi ce, don haka mutum ba ya danna maɓalli sai a kan abin da ya shiga ransa.

Cikin waɗanda abin ya shiga ransu akwai Monroe Killy, mutumin Minneapolis, ma'aikacin kantin Kodak a birnin. A shekarun 1930 da 1940 ya riƙa zuwa wajen Ojibwe na Mille Lacs da Nett Lake, yana ɗaukar hotuna da fim na girbin shinkafa, da dafa sukari, da ayyukan hannu. Ba hukuma ta aike shi ba. Zuwa yake ya koma, ya sake dawowa wata shekarar, har ya saba da gidaje. Abin da ya tara yana hannun Ƙungiyar Tarihin Minesota a yau. Ta irin wannan aikin ne ake ganin sansanin sukari: iyali sun tare a dajin bishiyoyin mapul, an tsaga jikin itace an sa 'yar tsinke, ruwa na ɗiga cikin akushin ɓawo, tukwane na tafasa dare da rana. Sai an ƙone kusan lita 40 na ruwan kafin a sami lita ɗaya mai kauri, a ci gaba da juyawa har ya zama gari, a ɗura a makak, wato kwandon ɓawo, ya kai su shekara.

Kada a ɗauka abin da fim ya kama al'ada ce da ta daskare tun fil azal. Farfesa Brenda Child, 'yar Ojibwe ta Red Lake, masaniyar tarihi a Jami'ar Minesota, ta nuna cewa a da girbin manoomin aikin mata ne, su ke tsara shi su ke raba wuri, sai a zamanin matsin tattalin arzikin shekarun 1930 maza suka shigo sosai. Ke nan mai ɗaukar fim a waɗannan shekarun ya kama sauyi yana cikin faruwa, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda ya san dawan garin ne zai kalli wanda ke riƙe da sanda a jirgin ya gane abin da ake ciki.

Yanzu ku dubi zamanin da aka yi waɗannan fina-finai, a nan ne abin yake da ciwo. A Amurka tun 1883 aka kafa ƙa'idojin da suka mai da raye-raye da bukukuwan gargajiya laifi, kuma sai a 1978 aka yi dokar da ta amince wa 'yan asalin ƙasar da 'yancin addininsu. A Kanada an fara haramcin a 1884, aka faɗaɗa shi a 1895, ba a ɗage ba sai 1951. Yara kusan 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana a Kanada, inda ake hukunta yaro don ya yi magana da harshen uwarsa. Ɗaya daga cikinsu ita ce makarantar Shingwauk a Sault Ste. Marie, wadda ba a rufe ba sai 1970. Sunan wani shugaban Ojibwe na yankin Garden River aka sa mata, mutumin da ya nemi a gina wa 'ya'yansu gidan karatu don su ƙaru, sai aka juya burin nasa ya zama wurin kankare musu harshe.

Kimanin kilomita 50 daga wannan makarantar, a wani wuri da ake kira Desbarats, mutanen Garden River suka fara wasan kwaikwayon Hiawatha a 1900, a bakin ruwa, da harshen Ojibwe, domin 'yan yawon buɗe ido da jirgin ƙasa ke kawowa. An ɗauko wasan ne daga doguwar waƙar da Ba'amurke Longfellow ya wallafa a 1855, wadda shi ma daga labaran Ojibwe ya tsakuro ta. Wajen 1903 wata mata mai suna Katherine Ertz-Bowden da mijinta Charles suka je da kyamara suka ɗauki wasan, suka riƙa yawo da shi gari gari a Amurka suna nunawa haɗe da lacca. Kayan nasu sun daɗe a ajiye a Jami'ar Valparaiso da ke Indiana kafin a waiwaye su, aka ceto abin da ya rage tare da ma'ajiyar fina-finai ta Chicago. Ku auna wannan: a gefe ɗaya ana dukan yaro don ya furta kalma, a ɗaya gefen ana biyan ubansa ya rera ta a dandali. Labarin da ake wasan a kansa baƙo ne ya tsara shi, gaskiya ne. Amma fuskokin na gaske ne, takun rawar na gaske ne, kuma iyayen nan sun mai da dandalin 'yan kallo wurin da za su yi a fili abin da ake hana 'ya'yansu. Jikokin jikokinsu suna Garden River har gobe.

Ina yaba wa masu ɗaukar nan, amma ba zan rufe ido a kan giɓin da suka bari ba. Na farko, murya. Bakin tsohuwa yana motsi, tana dariya, tana yi wa wani magana a bayan kyamara, ba ka jin komai. Can a wani gefen kuma Frances Densmore ta fara naɗar waƙoƙin Ojibwe a kan silindar kakin zuma tun 1907, ɗaruruwansu, suna Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka. Murya a wani birni ba fuska, fuska a wani birni ba murya. Na biyu, kuma shi ya fi ƙona mini rai, suna. Sau da yawa abin da aka rubuta a jikin gwangwani ko bayan hoto bai wuce "Ba'indiya tana aiki" ba. Wannan matar tana da suna, tana da dangi, wata ta haife ta, wasu sun yi kuka ranar da ta rasu. An ɗauki hannunta an bar sunanta. Akwai kuma waɗanda aka sa su cire hula da rigar kanti su sa kayan fata, don hoton ya yi daidai da abin da baƙo ke son gani. Akwai abin da aka ɗauka ba a nemi izini ba, alhali a al'adarsu ko tambaya za ka yi wa dattijo sai ka fara miƙa masa asemaa, wato taba, in ya karɓa ya yarda ke nan.

Shi ya sa ban ce a kwashe komai a watsa a intanet ba. Al'amuran ƙungiyarsu ta ibada, Midewiwin, ba na kowa da kowa ba ne. Akwai tatsuniyoyinsu masu tsarki da ba a bayar da su sai da hunturu, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su ne za su ce wannan a nuna wa duniya, wannan na dangi ne, wannan a rufe. Har manhajar kwamfuta an ƙirƙira domin haka, sunanta Mukurtu, an fara ta ne da wata al'ummar 'yan asalin Ostireliya, tana ba mutane damar tsara wanda zai ga me da kuma yaushe.

Abin da ya sa nake ɗaga murya shi ne lokaci yana cin abin ta fuska biyu. Fim ɗin milimita 16 da 8 an yi shi da wani sinadari da zafi da laima ke narkarwa a hankali. Ka buɗe gwangwani, wani tsami kamar na ruwan khal ya bugi hancinka, to ciwon ya kama. Fim ɗin zai fara ƙanƙancewa, ya kananaɗe, ya yi tauri, hoton ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. In ya fara ba ya komawa baya, tsamin da yake fitarwa shi ke ƙara cin sa, har ya harbi na kusa da shi. Sanyi da bushewa ne kawai ke ja masa birki. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na manyan fina-finan Amurka marasa sauti sun salwanta baki ɗaya. Waɗannan fa na kamfanoni ne masu kuɗi da ɗakunan ajiya. Ina ga na ma'aikacin kanti da ke ƙarƙashin gadon jikansa?

Ɗaya fuskar ta fi gaggawa. Yarinyar da aka ɗauka tana riƙe da akushin sukari a 1946, in tana raye, ta haura shekara 80. Ita kaɗai ce za ta kalli allo ta ce wannan innata ce, wancan wane ne, nan kuwa gaɓar tafkinmu ce kafin a gina hanya. Ita ce wataƙila za ta iya karanta leɓen tsohuwar nan ta faɗi abin da take cewa. Ranar da aka rasa ta, fim ɗin ko an adana shi a firiji shekara 500, baƙi ne kawai ke motsi a cikinsa.

Kuma an gwada an ga yana yiwuwa. Masanin tarihi Bruce White ya bi tsoffin hotunan Ojibwe yana nemo masu su da danginsu, ya fitar da littafi a kansu a 2007. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Kanada ta fara wani shiri a 2002 na kai hotuna ga dattawan Inuit su faɗi sunayen da ke ciki, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran al'ummomin asali. A ginin tsohuwar makarantar Shingwauk, inda Jami'ar Algoma take yanzu, tsoffin ɗaliban da suka fara haɗuwa a 1981 su ne suka tara hotuna suka kafa cibiya, suna mai da sunaye kan fuskokin yaran. Caroline Monnet, 'yar Anishinaabe, ta ɗauko tsoffin hotunan hukumar fina-finan Kanada ta sake ɗinka su da idonta a gajeren fim ɗinta na 2015. A 2024 a Winnipeg aka nuna Star Wars da harshen Ojibwe. Mutanen da aka yi wa alƙawarin ɓacewa ga su suna riƙe da kyamarar da kansu.

Don haka ina kira ga duk wanda ke da hannu a wannan al'amari. 'Yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Minneapolis da Toronto da Winnipeg da Detroit, a kan ƙasar mutanen nan kuke zaune. Ku san sunansu. Ku je gidan tarihin Mille Lacs, ku halarci taronsu na rawa in an buɗe wa baƙi, ku tambaya kafin ku ɗaga waya. Wanda Allah ya sa yake aiki a ɗakin karatu ko jami'a ko coci ko gidan tsofaffi, ya ji an ce ga wasu gwangwanayen fim na kakan wane za a zubar, ya tsaya a kai. Kada a ɗora tsohon fim a majigi don a ga abin da ke ciki, haƙoran injin za su yayyaga shi. A shinshina, a ware mai tsami, a sa a wuri mai sanyi, a nemi ma'ajiya, sannan a buga wa ofishin al'ummar da abin ya shafa waya. Malamanmu da 'yan jaridarmu kuma, ku daina cewa jajayen Indiyawa. Ku ce Anishinaabe, ku ce Ojibwe, ku koya wa yara cewa mutane ne masu shinkafa da sukari da kotu da jami'a, waɗanda a 1999 suka yi nasara a Kotun Ƙolin Amurka kan haƙƙin farauta da kamun kifi da aka rubuta musu a yarjejeniyar 1837.

Mu ma da ke gida wannan ciwon ba baƙonmu ba ne, kuma namu zafin ya fi nasu saurin cin fim. Mu ma baƙo ne ya fara ɗaukar mu, a zamanin majigi. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus aka nuna a Balin a 2018. Wannan sa'a aka yi. A gidanmu ba mu yi ta ba. Kaset ɗin bidiyon bikin yayata, wanda a ciki kaɗai kakarmu take motsi tana rangaɗa guɗa, mun ciro shi daga ƙasan akwati mun tarar fumfuna ta yi masa fari fat. Mai gyara ya juya shi, ya hura, ya girgiza kai ya miƙo mini. Har yau yana cikin durowata, na kasa jefar da shi.

Kowannenmu yanzu yana yawo da kyamarar da ta fi ta Killy sau dubu, kuma tana ɗaukar murya. Ku yi abin da ya yi, ku ƙara da abin da zamaninsa bai ba shi dama ba. Wannan makon, ba sai bayan sallah ba, ka je wajen tsohuwar da ke gidanku ko maƙerin unguwarku ko masuncin garinku. Ka gaishe shi, ka nemi izini, ka gaya masa inda hoton zai je. In ya yarda, ka fara da tambayar sunansa da na mahaifinsa da garin da aka haife shi, ya faɗa da bakinsa a cikin ɗaukar. Ka matso da wayar kusa da hannunsa, ka bar shi ya gama aikin ba tare da ka katse shi ba. Ka rubuta ranar. Ka ajiye a wuri biyu, ka tura wa 'ya'yansa nasu. Sannan ka koma gida ka jawo akwatin nan na ƙarƙashin gado, ka fito da kaset da hotunan da ke ciki, ka kai wa wanda ya fi kowa tsufa a danginku, ka zauna kusa da shi da biro a hannunka.